Jirgin da Na Sassaƙa wa Inna

Ku ɗiyana, da ku ɗiyan ƙanena Garba, wannan babin ne na fi jan ƙafa kafin in rubuta. Abin da kunka sani shi ne, ranar da anka harbe Garba, hatsi munka koma ƙauye ɗaukowa. Haka anka faɗa wurin zaman makoki, haka kuma nake ji ana maimaitawa shekara huɗu ke nan, ina zaune ban tanka ba. Ba gaskiya ba ne. Za ni faɗa muku abin da munka je ɗaukowa da wanda ya sa anka je, amma sai kun fara jin yadda abin ya samo asali.

A Sakkwato na koyi aikin kafinta ina saurayi. Wata rana wani tsohon Balarabe mai sayar da yadi ya kawo shagon maigidana wani ɗan ƙaramin jirgin ruwa na katako, irin na dā mai tafiya da iska, sandar tsakiyarsa ta karye. Babu wanda ya so aikin, sai anka turo mini. A lokacin ban taɓa ganin ruwan da ya fi gulbi in ya cika da damina ba. Na leƙa cikinsa na ga haƙarƙari a jere kamar na rago, kowane da wurinsa, na yi mako guda ina gyaran da bai wuce na yini ɗaya ba, don dai kar a karɓe shi. Da na dawo ƙauyenmu, can bayan Gatawa, na buɗe rumfata ina yin ƙyaure da benci da allon karatu, sai na riƙa tara guntayen katako ina haɗa ƙananan jirage daga hotunan kalanda da na littattafan makaranta. Mutane sunka yi ta dariya, wai mutum a tsakiyar gonakin gero yana ƙera jirgi. Har wurin liman na je na tambaya, ya ce abu ne marar rai, ba laifi, in dai ban sassaƙa mutane a ciki ba.

Shekara talatin da wani abu Inna, kakarku, tana wuce rumfar nan ba ta taɓa cewa komai a kan jiragen ba. Mun san ta je Makka tana yarinya tare da iyayenta, da ƙafa, amma ba ta labarin hanyar. Sai bayan yanar ido ta rufe mata gani, wata rana da la'asar ta lalubo ta zauna a kan bencina, hannunta ya faɗa kan wani jirgi da na gama. Ta shafa shi tun daga kai har gindi. Da yake ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana.

"Kafinta, wanga ba jirgi ba ne," ta ce. "Jigonai ya cika miƙewa. Namu ya karkata gaba, awa mai shirin ruku'u."

Jigo take ce wa sandar tsakiya, irin na ban-ruwa a fadama. Na ajiye zarto na zauna ƙasa, ta soma magana, ba ta tsaya ba sai da anka kira magariba. Ta ce sun bar Gobir tana goye, sunka yi shekaru a hanya, ana tsayawa ana noma, ana tsintar auduga a ƙasar Sudan. Ko da sunka isa Sawakin, bakin Bahar Maliya, ta yi famfara, kuma an haifa mata ƙane, Tanko, wanda ita ke goyonsa. Ba su da takardun shiga babban jirgi, sai sunka shiga na Larabawa mai iska, cunkushe da talakawan alhazai. A tsakiyar ruwa iska ta ɗauke. Kwana da kwanaki jirgin na tsaye, ana raba ruwan sha da ɗan ƙaramin kofi. Tanko ya yi zawo, ya rasu a kan cinyarta, gindin jigon nan. Anka naɗe shi cikin mayafin uwarsu, anka yi masa salla, anka zura shi ruwa ta hannun hagu.

"Kowa nawa na san inda kushewarshi take," ta ce, "ban da shi. In kana iyawa, yi mani jirgin in taɓa."

Washegari munka fara. Ta kama hannuna ta taka daga bakin zaure zuwa rijiya, ta ce tsawonsa ke nan. Na ƙirga taku ashirin da biyu, na mai da kowane taku faɗin yatsu biyu, jirgin ya fito tsawon hannu. Ƙashin bayansa na yi da maɗaci, haƙarƙarin da aduwa. Katakon jikinsa nakan fere shi ya yi siriri kamar ɓawon rake, in jiƙa a ruwan zafi, in lanƙwasa a jikin tukunya ya kwana, sa'an nan in kafa shi da ƙaya maimakon ƙusa. Kowace safiya bayan ta sha kunu sai a kawo ta rumfa in ɗora mata shi a cinya. Yatsunta sun fi idona gani. Sau uku na warware gabansa don ta ce bai yi tsini ba. Ƙyallen da ke kama iska mai kusurwa uku ne, ta ce, ba huɗu ba, kuma ba fari fat ba, don haka na yanki tsohon farin zanenta na akoko na tsoma a ruwan shayi. Matar da ta yi shekaru ba ta cika magana ba, sai ga ta tana faɗa da ni a kan katako, tana dariya, tana tuno sunayen matan da sunka zauna kusa da su.

Garba shi ne autanta, na ba shi shekara goma sha biyu. Ku ɗiyansa kun san shi da barkwanci, to haka yake tun yana yaro. Kullum ya dawo gona sai ya leƙo ya tambaya ko yau ne za a tashi zuwa Jidda, shi ya riga ya ɗaure kayansa. Da Inna ta ce jirginsu warin kifi yake yi, ranar kasuwar Isa sai ga shi da busasshen kifi, ya goge cikin jirgin da shi ina sallar azahar. Kwana uku kyanwoyin gari ba su bar ni na yi aiki ba. Amma Inna ta kai hancinta ta shaƙa, hawaye na bin kuncinta, ta ce ai Auta ya fi ni sanin aikin.

Muna cikin shekara ta biyu, saura igiyoyi da abin juya jirgi na baya, ɓarayin daji sunka matso. Tun da daɗewa muna jin labarinsu, an kora shanun wane, an ɗauke wane a gona. Sai ƙarshen daminar nan sunka shiga ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu da rana tsaka, munka ga hayaƙi daga ƙofar gida. Da gari ya waye kowa ya ɗaure abin da zai iya. Amalanke biyu gare mu, mu goma sha huɗu. Inna da yara a ɗaya, tukwane da tabarmi da ɗan abin da za a ci a ɗaya. Na ɗauko jirgin na tsaya da shi a tsakar gida, na duba, ba inda za a sa shi sai an sauke buhu. Na mayar da shi rumfa na ɗora a kan azara. Gero yana tsaye a gona, ya kusa isa yanka, munka bar shi munka nufi Sabon Birni.

Wani ɗan'uwan Inna ya ba mu ɗaki biyu a bayan gidansa. Garba ya shiga haya da mashin ɗinsa a tasha, ni ina gyaran kujeru a bakin kasuwa da aron kayan aiki. Inna kuwa ta koma shiru, irin shirun da ya fi na dā. Ba ta san ɗakin ba, ba ta san inda bango yake ba, ta daina tashi. Cokali biyu take sha ta ture kwano. Tana zaune hannayenta na motsi a kan cinya, suna shafa abin da babu. Wata safiya na shiga gaishe ta sai ta ce:

"Kafinta, ina jirgin? Ban gama hwaɗa maka wurin igiya ba."

Na ce yana gida, za a ɗauko in hanya ta yi kyau. Bayan kwana biyu ta sake tambaya, kamar ba mu yi maganar ba. Na haɗa mata wani da kara da guntun kwali na ɗora mata, ta taɓa sau ɗaya ta ture. Daga nan kullum sai ta tambaya. Na ce wa kaina don ita nake son komawa, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma tunda na ce za ni faɗi komai, ku sani ni ma ina kwana ina tashi da tunanin jirgin nan. A duk abin da hannuna ya taɓa yi, shi ne kaɗai na san ya yi kyau, kuma na kasa jure tunanin gara ko wuta su cinye shi.

Na sami Garba a tasha ranar Laraba da hantsi, yana goge mashin. Na ja shi gefe na faɗa masa ina so ya kai ni ƙauye in ɗauko jirgin. Bai yi dariya ba.

"Yaya, hanyar ga ba ta biyuwa. Shekaranjiya anka tare mutane bakin gulbi."

Na ce da sassafe za mu tafi, kafin azahar mun dawo.

"Ka yi mata wani mana. Hannunka na nan, itace na nan."

Na ce shekara biyu anka yi ana wancan, yana ganin Inna za ta kai shekara biyu? Ya sunkuyar da kai yana murza tsumma. Sai na faɗi abin da har gobe nake jin nauyinsa a harshena. Na ce shi ke nan, kar ya damu, shi da take kira Auta ya zauna ya yi hayarsa, ni za ni tafi da ƙafa. Na san ba zai bar ni ba. Don na san haka na faɗa.

"Haba Yaya," ya ce. "Gobe bayan asuba ka shirya."

Munka isa ƙauye rana ta ɗan ɗaga. Ban ji kukan kaza ko ɗaya ba. An ɓalle ƙyamaren da na yi da hannuna, an ƙone rumbuna, gonaki an sa dabbobi sun tattake. Garba ya shiga gidansa ya fito da butar sallarsa kawai. Rumfata rabin rufinta ya faɗi, amma jirgin na nan a kan azara, ƙura ta rufe shi, zanzaro ya yi gini a cikinsa. Na naɗe shi da zane na rungume, na hau bayan Garba. Har ya soma dawowa da halinsa, yana cewa yau dai jirgin Inna ya yi tafiya, ko da a kan mashin ne.

Gulbi ya janye, saura rairayi da ɗan ruwa a tsakiya, kuma dole mai mashin ya rage gudu a nan. Muna hawa gaɓar wancan gefe na ji ƙara sau biyu daga cikin sabara. Ban ga kowa ba, har yau ban san fuskar wanda ya yi ba. Na ji jikin Garba ya girgiza, amma bai tsaya ba, ya ƙara wuta. Ya yi tafiya mai nisa da mu a haka, har munka wuce gonaki biyu ko uku, ina jin wani ɗumi na jiƙa mini gwiwa, ina cewa tsaya, yana cewa riƙe dai. Sai mashin ya soma tangaɗi, munka faɗi a gefen hanya. Da na tashi zaune na ga yadda na faɗi: a kan kafaɗa, hannayena biyu sun ɗaga jirgin sama kar ya taɓa ƙasa. Ban tare ƙanena ba. Ban yi niyyar haka ba, hannayen ne sunka yi, amma nawa ne.

Na rarrafa wurinsa na ɗora kansa a cinyata. Harsashin ya shiga ta kwiɓi. Na cire rawanina na danne wurin, jini na ɓulɓulowa ta tsakanin yatsuna.

"Yaya, kashe mashin," ya ce. "Mai na zuba."

Na kashe. Na dawo na riƙa faɗa masa kalmar shahada, ya maimaita sau biyu, na ukun leɓensa kawai ya motsa.

Wanda ya same mu Buba ne, wani Bafillace da munka taso tare, shi ma an kore masa shanu kaf, ya dawo yana dakon itace da amalanken jaki. Ya sauke itacensa a nan gefen hanya, munka ɗora Garba, ya lulluɓe shi da bargonsa. Ya dubi ƙunshin da na tura ƙarƙashin buhu, ya dube ni, bai tambaya ba. Bayan la'asar anka rufe Garba a Sabon Birni. Wurin zaman makoki na ji magana ta fito daga cikin gida cewa hatsi munka je ɗaukowa, yunwa ta sa. Mutane sunka riƙa cewa Allah sarki, ya mutu yana neman abin da iyali za su ci. Suna riƙe hannuna suna ba ni haƙuri. Na karɓi haƙurin.

Da anka faɗa wa Inna, ta yi salati ta juya fuska bango. Na ɓoye jirgin a bayan buhunan mai gida har anka yi sadakar bakwai. Ina ganin ko zai sa ta ci abinci, sai na kai mata na ɗora a cinyarta. Hannayenta sunka gane shi nan take. Ta bi gabansa, ta bi jigon, ta sa yatsa gindinsa ta daɗe a nan. Sai ta taɓo ginin zanzaro, ta murƙushe shi tsakanin yatsu.

"Yaushe anka kawo shi?"

Na sunkuyar da kai.

"Kafinta, tambayarka nike."

Ta janye hannayenta a hankali ta ɗora a kan tabarma.

"Mutum biyu ke nan jirgin ga ya ci mani," ta ce. "Ɗauke shi."

Ba ta sake ambatarsa ba, ba ta kuma faɗa wa kowa abin da ta gane ba. In na shiga gaishe ta takan amsa, ta sa mini albarka yadda ta saba, sai dai hira ta ƙare tsakaninmu. Ta rasu kafin ruwan farko ya sauka. Bayan haka munka dawo nan Isa da zama. Jirgin shi ne ƙunshin da kuke gani a saman kabad ɗina, wanda nake hana jikoki taɓawa. Ba shi da igiyoyi, don wadda ta san inda suke ba ta faɗa ba, ni kuma ban sake sassaƙa wani ba.

Kafin in fara wannan rubutu na ga bai kamata Kulu, matar Garba, ta ji daga takarda ba. Na je gidanta da hantsi na same ta tana suyar ƙuliƙuli a tsakar gida. Ta shimfiɗa mini tabarma, munka gaisa, na faɗa mata komai tun daga tasha har gefen hanya. Ba ta daina juya abin da ke cikin kasko ba sai da na gama.

"Na sani, Yaya," ta ce. "Da sahen ranar da kunka tahi ina zuba mishi koko ya hwaɗa mani. Ya ce za shi kai ka ɗauko jirgin Inna, kar in gaya ma kowa, sai a yi maka dariya."

Na ce to maganar hatsi fa, daga ina ta fito?

"Ni na ce a hwaɗi haka."

Na tambaye ta dalili. Ta kwashe ƙuliƙulin ta zuba a kwando, ta janye itace daga murhu.

"Ɗiyana ba su da wani uba sai kai. Da sun ji, da ba su ƙara taka gidanka ba, ni kuma ban iya riƙonsu ni ɗaya. Ba don kai na yi ba."

Na ce ta yafe mini.

"Ina ƙoƙari," ta ce. "Wata rana in ga na yahe, wata rana in tashi in ga yana nan. Ka rubuta abinka. Amma Murtala kar shi karanta, ka kira shi ka hwaɗa mishi da bakinka."

Murtala, babban ɗan Garba, magidanci ne yanzu, ni na ɗaura masa aure bara. Tun rasuwar ubansa kowace safiya yakan shigo zaurena ya zauna mu sha shayi kafin ya wuce tasha. Na kira shi ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, na faɗa masa yadda na faɗa muku, ban rage kalmar da na yi wa ubansa a tasha ba. Ya saurara kansa a ƙasa. Tambaya ɗaya ya yi, ko ubansa ya daɗe yana jin zafi. Na ce ya daɗe, don ya ƙi tsayawa sai da ya fitar da ni. Ya tashi ya sa takalmi ya fita.

Washegari na dafa shayi kamar kullum, ban sa rai ba. Sai na ji sallamarsa. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce Baffa ina kwana, ya tambayi jikina, na amsa, ya miƙe ya tafi aikinsa. Wata biyu ke nan bai fasa zuwa ba ko sau ɗaya, kuma bai shigo ba.